Sukari ya fito daga karan masara amma asid ɗin laktik ya ƙi samuwa: ina matsalar take?

Hadiza:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sarrafa ragowar amfanin gona. Aikin da nake yi a ɗakin gwaji shi ne fitar da sukari daga busasshen karan masara, sannan in ba wa bakteriya wannan sukari su mayar da shi asid ɗin laktik. Na niƙa karan har ya zama gari mai ɗan tsaki-tsaki, na dafa shi a tukunyar matsi tare da asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a zafin digiri 121 na tsawon awa ɗaya. Bayan ya huce na tace, na ajiye tukar a gefe, na daidaita pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsaminsa, da kostik soda zuwa 6, sannan na zuba masa bakteriyar Lactobacillus delbrueckii tare da ɗan abincin da ake saka wa irin waɗannan ƙwayoyi.

Gwajin DNS, wanda ake auna yawan sukari da shi ta hanyar canjin launi, ya nuna cewa akwai sukari mai yawa a cikin ruwan, wanda launinsa ya yi duhu sosai. Amma ƙwayoyin ba su hayayyafa ba, pH bai sauka yadda ake zato ba, kuma asid ɗin da na auna bai taka kara ya karya ba. Su dai waɗannan ƙwayoyi in na saka su a ruwan gulukos tsantsa suna aiki lafiya lau. To, shin matsalar daga dafawar take, ko daga ƙwayoyin, ko kuwa gwajin ne yake ruɗa ni? Sannan ina so in ji ko akwai hanyar da ta fi wannan dacewa da kara da bambaro.

Malam Ibrahim:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Bayanin da kika yi ya fito sarai, kuma ina ganin amsar tana cikin abin da kika ajiye a gefe. Kafin in zo kansa bari in faɗi yadda karan yake a ginuwarsa, domin daga nan komai ya samo asali.

Busasshen kara, ko na masara ne, ko bambaron shinkafa da na alkama, ko tukar rake, abubuwa uku ne suka haɗa mafi yawansa. Akwai selulos, wanda dogayen sarƙoƙi ne na gulukos zalla da suka jeru suka manne da juna ƙam, kuma yakan kai kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na busasshen nauyin. Akwai hemiselulos, wanda sarƙoƙinsa gajeru ne masu rassa, kuma a tsirran dangin ciyawa mafi yawan sukarin da ke cikinsa zailos ne, wato sukari mai kabon 5, saɓanin gulukos mai kabon 6. Shi kuma yakan kai kashi 20 zuwa 30. Na uku shi ne lignin, wanda babu sukari a cikinsa ko kaɗan, aikinsa shi ne ya lulluɓe sauran biyun ya riƙe su, kamar yadda siminti yake riƙe rodi a cikin ginshiƙi.

Sirkakken asid a digiri 121 hemiselulos yake narkarwa. Ƙarfinsa bai isa ya kwance selulos ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka ruwan da kika tace cike yake da zailos, da ɗan arabinos, wanda shi ma sukari ne mai kabon 5, da gulukos ƙalilan, shi kuwa gulukos ɗin da kike nema yana nan a ɗaure cikin tukar da ta rage a kan matacin. Lactobacillus delbrueckii kuma ba ya cin sukari mai kabon 5 sam, don haka an zuba shi ne a cikin abincin da ba shi da hanyar amfani da shi. Gwajin DNS ba zai nuna miki wannan ba, domin ba ya bambance gulukos da zailos, dukkansu launi ɗaya suke bayarwa, har ma wasu abubuwan da ba sukari ba ne irin su furfural suna ƙara wa launin ƙarfi. In kina da damar amfani da na'urar HPLC, wadda take ware sinadaran da ke cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ki auna kowane sukari daban. In babu, akwai kayan gwajin gulukos na inzayim (wato furotin mai hanzarta juya wani sinadari takamaimai) da gulukos kaɗai suke gani, sai ki kwatanta da abin da DNS ya ba ki.

Dalili na biyu shi ne gubar da dafawar kanta take haifarwa. In zailos ya daɗe a cikin zafi da asid yakan rikiɗe ya zama furfural, gulukos kuma ya zama wani sinadari dangin furfural da ake kira HMF, kuma in aka ci gaba su ma sukan farfashe su ba da asid ɗin fomik da na lebulinik. Hemiselulos yana ɗauke da rassan asetil waɗanda suke ɓallewa su zama asid ɗin asetik, lignin kuma yana sakin ƙananan sinadaran fenol, waɗanda ko da kaɗan ne suna lalata fatar ƙwayar bakteriya. Duhun launin da kika gani alama ce ta cewa wannan rikiɗa ta yi nisa. Akwai kuma na uku da mutane ba su cika lura da shi ba: asid mai kashi 2 cikin 100 giram 20 ne a kowace lita, kuma in aka kashe shi da kostik soda za a samu kusan giram 29 na gishirin sodiyam salfet a narke cikin kowace lita, wanda shi kansa nauyi ne a kan ƙwayoyin. In aka yi amfani da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wato kalsiyam haidroksaid, salfet ɗin zai kwanta a ƙasa a tace shi. Wasu ma sukan ɗaga pH da ita har zuwa 10, su bar shi da ɗumi na ɗan lokaci, su tace, sannan su sauko da shi, domin hakan yana rage furfural da fenol, ko da yake ana asarar wani ɓangare na sukarin. Gawayin da aka sarrafa don tacewa shi ma yana tsotse su.

Dakta Zainab:

Na yarda da abin da Malam Ibrahim ya gano, amma ban goyi bayan a tsaya ana gyaran ruwan asid ɗin ba. A ganina, in kara ko bambaro ne abin aiki kuma asid ɗin laktik ake nema, dafawa da alkali ta fi sauƙin sha'ani. A tsirran dangin ciyawa, lignin yana haɗe da hemiselulos ta wasu mahaɗai na asid ɗin ferulik waɗanda kostik soda take tsinkawa cikin sauƙi, shi ya sa wannan hanya take aiki a kan kara fiye da yadda take yi a kan itace. Kostik soda mai kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a digiri 121 na rabin awa zuwa awa ɗaya, ko a zafin da bai kai haka ba na lokaci mai tsawo, tana cire lignin mai yawa da rassan asetil, ta bar selulos da babban ɓangare na hemiselulos a cikin tukar, kuma furfural ba ya samuwa sosai. Za ki ga baƙin ruwa ya fita, tukar ta yi haske ta kumbura, in kika murza ta a tsakanin yatsu sai ki ji ta yi laushi. Aibinta shi ne wanki: sai an ɗauraye tukar da ruwa mai yawa kafin pH ya sauko, kuma baƙin ruwan ba abin zubarwa ba ne haka kawai.

Ko da wace hanya aka bi, dafawa buɗe ƙofa ce kawai, inzayim ne yake fitar da gulukos, kuma wannan matakin ne ban gani ba a bayaninki, ƙanwata. Abin da ake kira selules tarin inzayim ne masu aiki tare: ɗaya yana yanka sarƙar selulos daga tsakiya, ɗaya yana gutsurarta daga baki yana sakin selobayos, wato gulukos biyu a haɗe, na uku kuma, beta-gulukosides, shi yake raba selobayos gida biyu. Mafi yawan wanda ake sayarwa daga funfunar Trichoderma reesei ake samunsa, wadda aka gano a tsibiran Solomon lokacin yaƙin duniya na biyu tana cinye tantuna da tufafin auduga na sojojin Amurka. Rauninta shi ne ba ta samar da inzayim na ukun da yawa, shi ya sa ake ƙarawa da na Aspergillus niger, domin in selobayos ya taru yakan tsayar da sauran. Yanayin da aka saba shi ne digiri 50, pH wajen 4.8, ana girgizawa na awa 48 zuwa 72. In an dafa da alkali sai a tabbatar akwai zailanes, wato inzayim ɗin da yake kwance hemiselulos, a cikin haɗin, in ba haka ba hemiselulos ɗin da ya rage zai rufe selulos ya hana inzayim isa gare shi.

Ga ɗan lissafi na misali don ki san abin da za ki sa rai da shi. Mu ƙaddara giram 100 na busasshen kara yana da selulos giram 36 da zailan, wato sarƙar zailos da ke cikin hemiselulos, giram 21. Da yake kowane sukari yana ɗaukar ruwa yayin da aka kwance shi daga sarƙa, giram 1 na selulos yana ba da giram 1.11 na gulukos, giram 1 na zailan kuma wajen giram 1.14 na zailos. Ke nan iyakar abin da za a samu shi ne gulukos giram 40 da zailos giram 24. Kowane gulukos guda ɗaya yana rabuwa ya ba da asid ɗin laktik guda biyu ba tare da asarar kabon ba, don haka a ƙa'ida giram ɗaya yana ba da giram ɗaya. In kika fitar da kashi 80 cikin 100 na sukarin, ƙwayoyin kuma suka juya kashi 90, za ki samu kusan giram 46 in an ci duka biyun, amma giram 29 kacal in an bar zailos. Wannan tazarar ce take sa in ce zaɓen ƙwayar da za a yi aiki da ita ya kamata ya zo kafin zaɓen hanyar dafawa.

Hadiza:

Na gode ƙwarai, Malam Ibrahim da Dakta. Tukar tana nan a bushe, zan wanke ta in gwada ta da inzayim. Amma maganar Dakta ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. In zailos ya kai wannan yawa, wace ƙwaya ce take cin duka biyun? Na karanta cewa wasu suna cinsa amma suna haɗawa da asid ɗin asetik, kuma ban fahimci dalilin da ya sa wasu suke yin haka wasu ba sa yi ba.

Malam Ibrahim:

Bambancin yana ga hanyar da ƙwayar take bi wajen farfasa zailos a cikinta. Irin su Lactobacillus pentosus da Lactobacillus brevis suna da inzayim ɗin da yake raba sukari mai kabon 5 gida biyu: kabon 3 ya zama asid ɗin laktik, kabon 2 ya zama asid ɗin asetik ko itanol. Ta wannan hanya iyakar abin da za a samu shi ne giram 0.6 daga kowane giram na zailos, ga kuma asetik da zai ƙara wahalar tacewa daga baya. Wasu ƙwayoyin kuwa suna sake jera kabon ɗin ne, ta yadda zailos uku suke ba da asid ɗin laktik biyar, babu asara, giram ya ba da giram. Ki lura kuma da cewa a shekarar 2020 an rarraba dangin Lactobacillus zuwa gidaje 25, saboda haka za ki iya samun waɗannan ƙwayoyi da sababbin sunaye a rubuce-rubucen baya-bayan nan.

Wanda na fi ba ki shawara a kansa shi ne Bacillus coagulans, domin ire-irensa da dama suna bin hanya ta biyun. Yana aiki a digiri 50 zuwa 55, wato daidai zafin da selules yake so, kuma yana jure pH wajen 5.5, wanda bai yi nisa da na inzayim ɗin ba. Wannan yana ba da damar haɗa matakan biyu a tukunya ɗaya: inzayim yana sakin gulukos, ƙwayar tana cinyewa nan take, sukari ba ya taruwa balle ya tsayar da inzayim. Wani amfanin kuma shi ne, in gulukos ya yi yawa a ruwa yawancin bakteriya sukan kashe hanyar cin zailos har sai gulukos ya ƙare, kuma kafin lokacin asid ya taru ƙwayoyin sun gaji. In kuwa gulukos yana fitowa kaɗan-kaɗan, wannan matsala tana raguwa. Zafin kansa yana hana yawancin baƙin ƙwayoyi shiga, har wasu suna gudanar da aikin ba tare da dafa kayan don kashe ƙwayoyi ba.

Sai maganar nau'in asid ɗin. Asid ɗin laktik iri biyu ne, L da D, masu sinadari ɗaya amma siffarsu ta juya wa juna kamar hannun dama da na hagu. Bacillus coagulans yana ba da L kusan tsantsa, Lactobacillus delbrueckii ɗin da kike da shi yana ba da D, Lactobacillus pentosus kuma yana gauraya su. In robar PLA, wadda ake yi da asid ɗin laktik, ake nufin yi, tsabtar nau'in ita ce kan gaba, domin robar da aka yi da L tsantsa tana narkewa ne a wajen digiri 175, kuma in D ya yi yawa a cikin sarƙar sai ta rasa tauri da juriyar zafi. Funfunar Rhizopus oryzae ma tana ba da L kuma ba ta da tsadar ciyarwa, sai dai tana buƙatar iska kuma tana karkatar da wani ɓangare na sukarin zuwa itanol da asid ɗin fumarik.

Kada kuma ki manta da alli. Asid ɗin da ƙwayar take samarwa shi ne yake kashe ta in pH ya sauka, don haka ake zuba kalsiyam kabonet, wajen giram 0.55 ga kowane giram na asid ɗin da ake sa rai.

Injiniya Musa:

Malamai sun gama da ɓangaren ɗakin gwaji, ni kuma ina so in ja hankalin Malama Hadiza kan abin da yake biyo baya, domin a nan ne aikin yake cin kuɗi. Samar da asid ɗin laktik da bakteriya tsohon abu ne. Carl Wilhelm Scheele ya ware shi daga madara mai tsami a 1780, Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa ƙwayoyi masu rai ne suke yin sa, kuma an fara yin sa don sayarwa a Amurka tun 1881. Amma manyan masana'antun yau da sukari mai tsabta suke aiki: kamfanin NatureWorks da ya buɗe masana'antar PLA a Blair ta jihar Nebraska a 2002 da sitacin masara yake amfani, ta wani kamfani daban da ke Rayong a ƙasar Tailan kuma da sukarin rake. Su suna samun fiye da giram 100 na asid a kowace lita, daga ruwa garai-garai.

Ki kwatanta da lissafin Dakta. In kika zuba giram 100 na kara a lita ɗaya, ko aikin ya tafi yadda ta lissafa wajen giram 46 za ki samu, sauran duk ruwa ne da sai an ƙona makamashi an ƙafar da shi. Don a kai inda masana'anta za ta kula, sai an ɗaga yawan tukar zuwa kashi 20 ko 30 cikin 100, kuma a wannan kauri abin ba ya juyuwa, injin motsawa yana fama, zafi ba ya ratsawa daidai, gubar da Malam Ibrahim ya lissafa kuma tana ninkuwa. Dabarar da aka fi bi ita ce a riƙa zuba tukar kashi-kashi, a bar inzayim ya tsinka ta farko kafin a ƙara ta biyu.

Sannan allin da aka zuba yana da nasa sakamakon. Abin da yake cikin tukunya a ƙarshe kalsiyam laktet ne, kuma don a dawo da asid ɗin sai an zuba asid ɗin salfurik, wanda yake kwantar da jifsam, wato kalsiyam salfet, kusan tan ɗaya ga kowane tan na asid ɗin laktik. Bayan haka akwai launi, da ragowar sukari, da furotin, da fenol na lignin, waɗanda duka sai an cire. Don samun tsabtar da roba take buƙata, akan haɗa asid ɗin da metanol ko itanol ya zama wani sinadari mai sauƙin tashi da tururi da ake kira esta, a turara shi a ware, sannan a sake raba shi da ruwa. Ruwan da ya fito daga kara ya fi na sukari tsantsa datti nesa ba kusa ba, saboda haka arhar da aka samu wajen sayen kara tana iya narkewa a wannan mataki.

Kuma shi karan ba kyauta ba ne yadda ake zato. Ba shi da nauyi amma yana cin wuri, don haka jigilarsa daga nesa ba ta biya; yana samuwa ne lokacin girbi kawai, sai an adana shi ba tare da ya jiƙe ya ruɓe ba; yana zuwa da ƙasa da tsakuwa da suke cinye injina, bambaron shinkafa kuma ga silika mai yawa; kuma ba a kwashe shi duka daga gona, dole a bar wani ya koma ƙasa ya kare ta daga zaizaya. Masu yin itanol daga kara sun riga sun ɗanɗana wannan: masana'antar DuPont da ke garin Nevada a jihar Iowa ta buɗe a 2015 ta rufe a 2017, ta Clariant da ke Podari a Romaniya kuma an sanar da rufe ta a 2023. Asid ɗin laktik ya fi itanol daraja, kuma ba a asarar rabin nauyin sukarin a matsayin iskar kabon kamar yadda ake yi wajen itanol, shi ya sa nake ganin yana da dama fiye da shi. Shawarata dai ita ce, tun daga gwajin farko ki riƙa rubuta yawan ruwa, da soda, da inzayim, da alli da kowane giram na asid ya ci.

Dakta Zainab:

Abu ɗaya zan ƙara a kan jerin Injiniya, shi ne abincin ƙwayoyin. Ruwan sukarin kara ba shi da isasshen naitrojin da bitamin, kuma garin yisti da ake zubawa a ɗakin gwaji yana da tsadar da masana'anta ba za ta ɗauka ba, shi ya sa ake gwada ruwan jiƙon masara da yake fitowa daga masana'antar sitaci a madadinsa. Ƙanwata, in za ki gwada tukar da kika ajiye, ki raba ta uku: ɗaya da inzayim kaɗai don ki san iyakar sukarin da ke ciki, ɗaya da inzayim da ƙwayar a tare, ɗaya kuma ki haɗa ta da ruwan asid ɗin farko bayan kin gyara shi da farar ƙasa. Ki ajiye kwalba ta huɗu mai gulukos tsantsa daidai yawan wanda kike sa rai, domin in ita ta yi aiki sauran suka gaza, kin san guba ce, in kuwa duka suka tsaya a wuri ɗaya, sai ki duba pH da abincin.